Wahala, Bangaskiya da Ɗaukar Nauyin 'Yan'uwa a Koyarwar Kirista

Wahala tana cikin tsofaffin tambayoyin da tauhidin Kirista yake fama da su. Masu bi sun yarda cewa Allah mai iko duka ne, sun kuma yarda cewa shi mai ƙauna ne. Duk da haka jariri yana mutuwa a hannun uwarsa, manomi yana shuka fari ya cinye, ana kashe mutumin kirki a gonarsa. In Allah yana da ikon hanawa, yana kuma ƙaunar bayinsa, me ya sa bai hana ba? Littafi Mai Tsarki bai kauce wa wannan tambaya ba, bai kuma amsa ta da jimla ɗaya ba. Abin da ya bayar ya kasu gida uku: ya rushe wata gurguwar fahimta, ya nuna Allah a tsakiyar wahalar, sannan ya ɗora wa jama'ar masu bi nauyin junansu.

Gurguwar fahimtar ita ce wadda ke cewa duk wanda masifa ta same shi, alhakinsa ne ya kama shi. Tana da ɗan tushe, domin Maimaitawar Shari'a da Karin Magana sun koyar cewa biyayya tana kawo albarka, mugunta kuma tana jawo hasara. Amma Littafin Ayuba, mai sura 42, an rubuta shi ne a kan mutumin da wannan lissafi bai yi daidai a kansa ba. Ayuba adali ne, ya rasa dukiya da 'ya'ya goma da lafiyar jikinsa. Abokansa uku, Elifaz da Bildad da Zofar, suka zo masa jaje, suka zauna tare da shi a ƙasa kwana bakwai ba wanda ya ce uffan. Wannan zama shi ne mafi kyawun abin da suka yi. Da suka buɗe baki sai suka shiga neman laifin da ya ɓoye, suna matsa masa ya tuba. Ayuba ya ƙi amsa laifin da bai yi ba, ya kai ƙararsa ga Allah da zafin rai, har ya la'anci ranar haihuwarsa. A ƙarshen littafin Allah ya yi magana daga cikin guguwa, ya nuna masa girman halitta da iyakar sanin ɗan'adam, amma bai gaya masa dalilin wahalarsa ba. Abokan nan da suka ɗauka suna kare mutuncin Allah su ne aka tsawata wa, aka ce sai Ayuba ya yi musu addu'a.

Mutane da yawa sun san Ayuba da haƙuri, Musulmi da Kirista duka, amma mai karanta littafin zai tarar da haƙurin da ke tafe da kuka da tambaya. Haka Zabura take. Wajen kashi ɗaya cikin uku na zaburoyi 150 kuka ne da makoki, kuma Zabura ta 88 ta ƙare cikin duhu ba tare da kalmar ta'aziyya ba. Tun da an bar irin waɗannan addu'o'i a cikin littafin sujada, malaman Kirista suka fahimci cewa kuka a gaban Allah wani ɓangare ne na bangaskiya. Wanda ya daina gaskatawa ba ya kai ƙara.

A Sabon Alkawari Yesu ya ƙara rushe lissafin nan na abokan Ayuba. A sura ta 9 ta Bisharar Yohanna almajiransa sun ga wanda aka haifa makaho, suka tambaya ko zunubinsa ne ko na iyayensa, ya ce ba ko ɗaya. A Luka sura ta 13 ya ambaci mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗa wa, ya ce ba su fi sauran mazauna Urushalima laifi ba. A kabarin abokinsa Li'azaru kuwa ya yi kuka, ko da yake ya san zai tashe shi.

Zuciyar koyarwar Kirista tana wurin gicciye, kuma a nan ne ta rabu da fahimtar Musulunci, wanda bai yarda an gicciye Annabi Isa ba. Kiristoci sun gaskata cewa a cikin Yesu Almasihu Allah ya ɗauki jikin mutum, ya ji yunwa da gajiya, aboki ya bashe shi, aka yi masa shari'ar zalunci, ya mutu mutuwar wulaƙanci. A lambun Getsamani ya roƙa a ɗauke masa abin da ke gabansa, ba a ɗauke ba, ya miƙa kai ga nufin Uba. Saboda haka mai bi da ke kwance a asibiti ko yake gudun hijira yana addu'a ga wanda ya ɗanɗana abin da yake ji. Tashin Yesu daga matattu kuma shi ne tushen begen cewa wahala da mutuwa suna da iyaka. Wannan bege bai mai da mugunta ta zama alheri ba. Kisa yana nan kisa, zalunci yana nan zalunci, ana kuma jiran ranar shari'a.

Masana sun yi ƙoƙarin tsara wannan a hankalce. Ireniyus, bishop na birnin Liyon a ƙarni na 2, ya ga ɗan'adam a matsayin halittar da ba ta gama girma ba, wadda gwaji ke kai ta ga balaga. Agustin na Hippo, ɗan Afirka ta Arewa (354 zuwa 430), ya ce mugunta ba halittar Allah ba ce, rashin nagarta ce da ta shigo sa'ad da halittu masu 'yancin zaɓi suka juya wa Mahaliccinsu baya. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu da bayansa tambayar ta ƙara nauyi. Dietrich Bonhoeffer, faston Jamus da gwamnatin Hitila ta rataye a ranar 9 ga Afrilu 1945, ya rubuta daga kurkuku a kan Allah mai shan wahala tare da mutane, kuma Jürgen Moltmann ya faɗaɗa wannan tunani a 1972. Fafaroma John Paul na Biyu ya fitar da wasiƙa a 1984 a kan ma'anar wahala, inda ya jaddada koyarwar Katolika cewa mai bi yana iya haɗa wahalarsa da ta Almasihu ya miƙa ta domin wasu. Kowanne daga cikin waɗannan bayanai yana da amfani a aji, amma ba wanda ya isa a karanta wa uwar da ta binne ɗanta jiya. C. S. Lewis ya rubuta littafi mai tsari a kan matsalar azaba a 1940, amma bayan cutar daji ta kashe matarsa a 1960, abin da ya rubuta ya fi kama da kukan Ayuba.

Akwai wata koyarwa da ta yaɗu a majami'u da dama a Nijeriya da Gana, wadda ke cewa mai cikakkiyar bangaskiya ba ya talauci, ba ya ciwo, wanda kuma addu'arsa ba ta warkar da shi ba, bangaskiyarsa ce ta gaza. Masu wannan wa'azi suna da gaskiya a wuri ɗaya: Littafi Mai Tsarki ya umarci a yi wa marasa lafiya addu'a, bai kuma ɗaukaka talauci don kansa ba. Amma koyarwar ta koma kan kuskuren abokan Ayuba, tana ƙara wa majiyyaci nauyin zargi a kan nauyin ciwo. Manzo Bulus ya roƙa sau uku a cire masa wata ƙaya da ke jikinsa, ba a cire ba, aka ba shi alherin jimrewa. Ba wanda zai ce Bulus ya rasa bangaskiya.

Tun da ba a ba mai bi cikakken bayanin dalilin wahala ba, nauyin koyarwar ya faɗa a kan abin da 'yan'uwa za su yi. Bulus ya kwatanta ikkilisiya da jiki ɗaya mai gaɓoɓi da yawa, wanda ciwon gaɓa ɗaya yake taɓa sauran. Ya umarci Galatiyawa su ɗauki nauyin juna, Romawa kuma su yi kuka tare da masu kuka. Yakubu, a wasiƙarsa, ya fi kowa kaifin harshe: wanda ya ga ɗan'uwa ba tufafi ba abinci, ya sallame shi da fatan alheri kawai, bangaskiyarsa matacciya ce. Ikkilisiyar farko ta mai da wannan ya zama tsari. A Urushalima an zaɓi mutum bakwai, har da Istifanas, su kula da rabon abincin gwauraye bayan an yi gunaguni cewa ana tsallake wasu. Masu bi na Antakiya sun aika gudummawa Yahudiya a lokacin yunwa, Bulus kuma ya yi shekaru yana tara baiko daga Makidoniya da Akaya domin matalautan Urushalima. A annobar da ta auka wa daular Rum wajen shekara ta 250, Kiristocin Kartaj da Iskandariya sun yi jinyar marasa lafiya suna binne matattu, wasunsu suka kamu suka mutu, kuma Bishop Kibriyanus na Kartaj ya gargaɗe su kada su tsaya a kan nasu kaɗai.

A arewacin Nijeriya, Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wato EYN, ta zama wurin da aka gwada wannan koyarwa da wuta. Ta samo asali ne a Garkida a 1923, daga aikin 'yan mishan biyu na Amurka, Stover Kulp da Albert Helser, kuma ta gaji al'adar ƙin ɗaukar makami daga uwar ikkilisiyar da aka kafa a Jamus a 1708. Yawancin membobinta suna Borno da Adamawa da Yobe, inda rikicin Boko Haram ya fi tsanani, Hausa kuma ita ce harshen sujadar da ta haɗa Bura da Margi da Kibaku da Kamwe da sauransu. Mafi yawan 'yan mata 276 da aka sace a Chibok a daren 14 ga Afrilu 2014 'ya'yan wannan ikkilisiya ne. A ƙarshen Oktoba na shekarar mayaƙan suka mamaye hedkwatarta da ke Kwarhi kusa da Mubi, shugabanni suka koma Jos na ɗan lokaci. An ƙone majami'u masu yawa, dubban iyalai suka watse, wasu har sansanin Minawao a Kamaru. A watan Janairun 2020 aka sace Rabaran Lawan Andimi, ɗaya daga cikin fastocin ikkilisiyar, a Michika. A bidiyon da masu garkuwar suka fitar ya yi magana a natse, ya nuna cewa bai karaya ba domin al'amarinsa yana hannun Allah. An kashe shi a cikin watan.

Abin da ya riƙe jama'ar a waɗannan shekaru shi ne zumunci, wanda Hausawa suka ce a ƙafa yake. Iyalai a Yola da Jos da Abuja sun buɗe gidajensu, har gida mai ɗaki biyu ya ɗauki mutane da yawa. Zumuntar Mata, wadda a kowace majami'a ita ce ke fara isa gidan rasuwa da itace da hatsi da waƙoƙin ta'aziyya, ta ɗauki nauyin gwauraye da marayu. 'Yan'uwa daga Amurka da Turai sun aiko da tallafi, aka raba abinci da irin shuka, aka yi rufin gidaje, aka shirya tarurrukan warkar da raunin zuciya inda mutane suke faɗin abin da suka gani da bakinsu. Dakta Rebecca Dali ta kafa ƙungiyar da ke taimakon waɗanda rikicin ya shafa, ciki har da matan da suka dawo daga hannun mayaƙa da juna biyu ko da goyo, waɗanda wani lokaci danginsu ke gudu. A Gurku, cikin jihar Nasarawa, an kafa matsugunin da Kirista da Musulmi 'yan gudun hijira suke zaune tare. Wannan ya dace da gaskiyar lamarin, domin rikicin ya kashe Musulmi masu ɗimbin yawa, ya ƙone masallatai, kuma akwai Musulmin da suka ɓoye maƙwabtansu Kirista. Wasiƙar Galatiyawa ma ta ce a yi wa kowa alheri, ko da yake ta ba iyalin masu bi fifiko.

Batun gafara shi ne mafi wuya. Koyarwar Yesu a kan ƙaunar maƙiyi a sarari take, shugabannin EYN kuma sun yi ta hana matasansu ramuwa. Amma gafarar da aka tilasta wa gwauruwa tun ba a share makoki ba tana iya zama wani sabon rauni. Masu aikin kiwon ikkilisiya da suka ƙware suna barin mai baƙin ciki ya yi kukansa, ya yi tambayarsa, su kuma ci gaba da zuwa bayan 'yan zaman makoki sun watse, lokacin da kuɗin makaranta da haya da noman gona suke jiran wadda ba ta da mataimaki. Gafara kuma ba ta hana neman adalci. Annabawa irin su Amos da Ishaya sun tsawata wa masu mulki a kan zaluntar matalauta, saboda haka ikkilisiyar da ke ta'azantar da waɗanda aka zalunta tana da haƙƙin tambayar hukuma dalilin da ya sa ba a kare su ba.

Akwai kuma wahalar da ba ta shiga labarai: rashin haihuwa, ciwon sikila, taɓin hankali, tsufa cikin kaɗaici, bashin asibiti. A waɗannan ne majami'u suka fi yin sakaci, domin mai fama da su yakan ɓoye don kunya, wani lokaci kuma a ce masa aljani ne ko maita, a hana shi zuwa wurin likita. Koyarwar Kirista ba ta raba addu'a da magani ba. Asibitocin mishan irin na Galmi a Nijar, wanda aka buɗe a 1950, da na Vom a Filato, an gina su ne a kan fahimtar cewa jinyar jiki hidima ce ga Allah. Ikkilisiyar da ta san sunan kowane majiyyaci da kowace gwauruwa a cikinta, ta ware musu kaso a baikonta, ta kuma aika dattawa su ziyarce su a kai a kai, ta fi kusa da abin da manzanni suka koyar fiye da wadda ta iya wa'azi a kan wahala amma ta bar mai wahalar shi kaɗai.