Ma'aunin Mai Ɗaga Ƙarfe

Unguwar Briqueterie a Yawunde, inda Hausawa suka daɗe da zama, tana dab da babban zauren wasanni na Warda da aka buɗe a 2009. Saurayin da ke ɗaga ƙarfe a bayan gida, da bututu da siminti a gwangwani, yakan dubi wanda ya fi shi, sai zuciyarsa ta karai. To, da me ya kamata ya auna kansa?

Idan maƙwabci ne ma'auninsa, ɗayan biyu zai same shi. In ya fi maƙwabcin, sai girman kai, ya daina ƙoƙari. In maƙwabcin ya fi shi, sai ƙyashi, ya ƙara nauyin da jikinsa bai shirya ba, ya ji ciwo a baya. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Ai masu shirya gasa ma sun san jiki ba ɗaya ba ne, shi ya sa suke raba 'yan wasa bisa nauyin jikinsu.

Ga labarin Cyrille Tchatchet, ɗan Kamaru. Bayan wasannin Glasgow na 2014 ya zauna a Ingila, ya kwana a titi, ba gida, ba dangi. Daga baya ya yi karatun jinyar masu taɓin hankali. A 2021 ya shiga gasar Olamfik a Tokyo cikin ƙungiyar 'yan gudun hijira, ya ɗaga jimillar kilo 350, ya zo na goma. Wanda ya ci zinariya ya ɗaga 402. In an auna shi da zakaran, ya gaza da kilo 52. In kuwa an auna shi da mutumin da ya kwana a titi, wa zai ce bai yi nasara ba?

Wannan ba ya hana kallon gwani. A kalle shi don a koyi yadda yake kafa ƙafa da riƙe ƙarfe. Amma hukunci, a bar wa littafin da mutum yake rubuta abin da ya ɗaga bara da bana. A cikin misalin talanti na Matiyu sura 25, mai biyar da mai biyu yabo ɗaya suka samu, gama kowa ya riɓanya abin da aka danƙa masa.

Saboda haka wanda ya ƙara kilo ɗaya a wannan wata, da gaskiya, ba da ƙwaya ba, ya gode, ya koma gobe. Sannu ba ta hana zuwa.