Kura da Shan Bugu, Gardi da Karɓar Kuɗi

Idan aka tashi daga kallon fim, a Zangon Sokode ko a Dapaong, hirar ɗaya ce: wane ya iya barkwanci, wance ta iya kuka. Ba a tambayar wanda ya riƙe kyamara, alhali shi ya zaɓi inda haske zai sauka, shi ya yanke abin da idonmu zai gani. Aikin da kyansa shi ne kada a lura da mai yinsa, ta yaya za a yi masa adalci?

Masu shirya fim sun daɗe suna kokawa da wannan tambaya. Tun bikin Oscar na farko a Amurka, a 1929, aka ware kyautar ɗaukar hoto, Charles Rosher da Karl Struss suka karɓa da fim ɗin Sunrise. Amma a 2019 masu bikin suka shirya miƙa wannan kyauta lokacin da aka tafi talla, sai da 'yan sana'ar suka yi ca sannan aka janye. A maƙwabtanmu, bikin FESPACO na Wagadugu, wanda aka fara a 1969, yana ba da kyautar hoto mafi kyau, amma wanda ya ci Dokin Yennenga shi ake bugawa a labarai.

Wani zai ce ai aikin kirki ba ya neman tafi, ikhlasi ma a ɓoye ya fi armashi. Na yarda, amma wannan nasiha ce ga mai aiki. Mu da muka ci moriya, bashi ne a kanmu, kuma haƙurin mai bin bashi ba ya yafe bashin. A sana'a, suna abinci ne: wanda aka ambata shi ake kira gobe. A gidan rediyo ma haka ne. Muryata ake sani, amma injiniyan da ke bayan gilashi shi ke sa ta fita tas.

Saboda haka ina ganin kyautar ɗaukar hoto biyan hakki ce, ko da ta zo a makare. Roger Deakins sau 13 yana shiga takarar Oscar yana dawowa hannu rabbana, sai a 2018 ya samu. Yaran da ke ɗaukar bidiyon aure da suna a unguwanninmu ba su da wani biki da zai karrama su. Abin da ke hannunmu shi ne mu biya su a kan lokaci, in an yaba hoton kuma mu faɗi sunan wanda ya ɗauka.