Gata laifi ne ko bashi?

Ɗalibin da ya ci jarrabawar BEPC a karkarar Sarkin Yamma, ya shiga lise Ɗan Baskore a Maraɗi, yakan koyi darasin da babu shi a cikin littafi. Yana zama kusa da ɗan ma'aikacin gwamnati wanda ya tashi yana jin Faransanci a gida, yana bita a ƙarƙashin lantarki, shi kuwa sai da ya gama noma kafin ya buɗe littafi. Aji ɗaya, malami ɗaya, amma ba daga wuri ɗaya aka fara tseren ba. A nan yake gane ma'anar gata.

Sai dai wannan rabin darasi ne. Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Gata ma haka yake. Ɗalibin yana hango na ɗan birni, ya manta da wanda yake tsaye a kansa. Ƙanwarsa da ta fi shi lissafi tana ɗakin miji. Binciken ƙasa na 2012 ya nuna kashi 76 cikin ɗari na ƴan matan Nijar ana aurar da su kafin shekara 18. Ɗan makiyayin da suka fara makaranta tare sai da ya koyi Hausa don wasa, Faransanci don aji, aka bar Fulatancinsa a ƙofa. Ɗan mahauci da ɗan maroƙi suna cin na ɗaya, amma ranar neman aure a tuna masu da asali. Nijar ta sa bauta cikin manyan laifuffuka a 2003, kotun CEDEAO ta ba Hadijatou Mani gaskiya a 2008, duk da haka kalmar «bawa» ba ta bar bakin masu gori ba. Kuma tun da dokar ƙasa ta 2025 ta mai da Hausa harshen ƙasa, Bahaushe ya ƙara samun tudun da ya kamata ya sani yana kansa.

To, mai gata ya yi laifi ne? Babu wanda ya zaɓi gidan da za a haife shi, don haka kunya ba ta kama shi ba. Abin da ya kama shi shi ne kada ya kira sa'arsa ƙoƙari, ya kira rashin wani lalaci.

Harshen kansa ya nuna mafita. A Hausa gata mutum ne: ana cewa wane gatan wane. Wanda aka tsaya masa, bashi ya ci, kuma biyansa shi ne ya tsaya wa wani. Malamin da ya ba ɗalibi fili ya bayyana wa aji kalma da harshen uwarsa, ko ya taka har gidan uban yarinya kafin a sa ranar aure, ya koyar da wannan fiye da kowace lacca.