Sai An Gwada Akan San Na Ƙwarai

"Sai an gwada akan san na ƙwarai" karin magana ne da Hausawa kan faɗa idan baki ya yi yawa alhali ba a ga aiki ba. Akan ji shi a fagen dambe lokacin da kirari ya yi zafi, da wurin cinikin doki, da bakin dattawa idan ana kuranta yaron da bai taɓa ɗaukar wani nauyi ba. Ma'anarsa ita ce ingancin mutum ko na abu a ɓoye yake, gwaji ne ke tono shi. Babu kuwa inda wannan magana ta fi zama daram kamar a sha'anin fasaha, wato waƙa da rubutu da rini da sassaƙa da makamantansu.

Kalmomin karin maganar suna da abin lura. "An gwada" da "akan san" ba su ambaci sunan kowa ba. Mai gwadawa da mai sani duk jama'a ce. Don haka mai fasaha ba shi ke yanke wa aikinsa hukunci ba. Nasa shi ne ya fito da shi fili, saura kuma na masu ji da gani ne.

Masu sana'ar hannu sun daɗe da sanin haka. Marini a Ƙofar Mata ta Kano ba ya ganin launin gaskiya muddin zane na cikin karofi. Zane yakan fito da ɗan kore-kore, sai iska ta buge shi sannan shuɗin baba ya bayyana. Haka mai ginin tukwane, ba ta sanin wadda za ta tsira da wadda za ta tsage sai wuta ta ci ta lafa. Iska da wuta su ne jama'a a wurin mawaƙi da marubuci. Waƙar da ta tsaya a zuci da littafin da ya kwana a akwati, ba a kiransu masu kyau ko marasa kyau, domin ba su shiga gwaji ba.

Tarihin adabin Hausa ya ba da shaida. A shekarar 1933 Hukumar Fassara da ke Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai. A wancan zamani alƙalami na addini ne da tarihi da wasiƙa, tatsuniya kuwa ta dare ce a bakin tsofaffi mata. Wanda ya zauna ya rubuta labarin da bai faru ba ya sayi abin faɗa. Duk da haka wasu suka gwada, aka samu littattafai irin su Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Imam bai wuce shekara 22 ba a lokacin. Daga nan ya rubuta Magana Jari Ce, ya kuma zama editan jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Da ya ji nauyin bakin mutane ya janye, da ba a san shi ba.

A fagen kiɗa ma haka ne. Manyan makaɗan fada irin su Ibrahim Narambaɗa da Musa Ɗanƙwairo suna tafe da ƙungiya ta 'yan amshi da makaɗa, suna wasa sarakuna. Ɗanmaraya Jos ya fito shi kaɗai da kuntigi mai tsirkiya ɗaya, ya ɗauki karen mota da sauran talakawa ya mayar da su abin waƙa. Ƙaramin kayan kiɗa ne, mutanen kuma ba masu kyautar doki ko riga ba ne, amma gwajin ya karɓu, har ya rasu a 2015 sunansa na cikin na manya.

Wani gwajin yakan fi wani tsada. Mai fasaha yana iya rasa dukiya, ko mutunci, ko ma 'yancinsa. A shekarun 1950, mawaƙan siyasa irin su Mudi Sipikin sun yi waƙoƙi a lokacin da sukar hukumar En'e kan kai mutum gaban alƙali. Sa'adu Zungur, wanda ya rasu a 1958, ya yi amfani da waƙa wajen jan kunnen sarakuna da talakawa kan makomar Arewa. A ƙarshen shekarun 1980, marubutan da aka laƙaba wa aikinsu "adabin kasuwar Kano" da kuɗin aljihunsu suka riƙa buga littattafai, suna shan suka cewa suna ɓata tarbiyya. Balaraba Ramat Yakubu na cikinsu. Littafinta Alhaki Kuykuyo Ne na 1990 ya taɓo halin matar da miji ya kora da 'ya'yanta, kuma a 2012 aka buga fassararsa ta Turanci a ƙasar Indiya. Wannan ya nuna hukuncin jama'a na farko ba kullum yake zama na ƙarshe ba; wani aikin sai shekaru sun bi ta kansa akan san darajarsa.

Sai dai karin maganar ba izinin ganganci ba ne. Hausawan da suka faɗe shi su suka ce ba a fafe gora ranar tafiya. Makaɗi yakan daɗe yana amshi a bayan maigidansa kafin ya buɗe baki da tasa waƙar. Kuma tun da aikin fasaha na shiga gidajen mutane da kunnuwan yara, mai shi na ɗauke da amana. Zambo da habaici na iya gyara azzalumi, suna kuma iya zubar da mutuncin wanda bai ji ba bai gani ba. Saboda haka gwajin ya haɗa da gaskiya da amfani, bai tsaya ga daɗin murya ko yawan ciniki ba.

Jama'a ma na da nata nauyin. Al'ummar da ke rufe bakin sabon mawaƙi tun bai rera ba, ko ta yanke wa littafi hukunci tun ba ta karanta ba, ta hana kanta sanin na ƙwarai a cikin 'ya'yanta. Haƙƙin mai fasaha shi ne ya shirya sannan ya fito ba tare da tsoro ba, haƙƙin jama'a kuma ta saurara tukuna, sannan ta yi hukunci da adalci.