Mu Saurari 'Ya'yanmu Tun Kafin Wasu Su Riga Mu

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da iyalansa da sahabbansa.

Ya ku iyaye da malamai da shugabannin al'umma, nasihata a yau a kan 'ya'yanmu ce masu tasowa, 'yan shekara 13 zuwa 19, waɗanda suka wuce wasan ƙasa amma ba su kai riƙe gida ba. Kullum bakinmu yana kansu. A majalisa mu ce sun lalace, a wurin wa'azi mu ce waya ta cinye su, a gidan biki iyaye mata su yi ta kukan rashin kunyar 'ya'yan zamani. Abin da ba kasafai muke yi ba shi ne mu zaunar da ɗaya daga cikinsu, mu tambaye shi yadda yake ganin duniyar da muka haife shi a ciki, sannan mu kame bakinmu har ya kai aya. Kusan rabin mutanen Nijeriya ba su wuce shekara 18 ba, a Nijar kuwa kusan rabin jama'a ba su kai 15 ba. Al'ummar da ba ta san abin da ke cikin zukatan waɗannan ba, ba ta san inda ta dosa ba.

Na san dalilinmu. An rene mu da kunya da kawaici. Uba ba ya kiran sunan ɗan farinsa, uwa tana kawar da kai daga 'yarta ta fari, yaro ba ya ɗaga ido a gaban babba. Tarbiyya ce mai kyau, amma a da akwai abin da ke tallafe da ita. Akwai kaka mai wasa da jika, akwai gwaggo da kawu da ake kai wa ƙorafi, akwai taubasai, akwai dandali. Yaron da ba zai iya buɗe wa mahaifinsa ciki ba yana da ƙofofi da yawa da zai ƙwanƙwasa. Yau babban gida ya watse, kowa ya kama haya ko ya yi gini can bayan gari, kaka tana ƙauye, kawu yana fama da nasa cefanen. Kunyar tana nan, ƙofofin sun rufe. Ƙofa ɗaya ta rage wadda ba ta rufuwa dare da rana, ita ce wayar da ke hannunsa, kuma a bayanta akwai mai gaskiya, akwai ɗan damfara, akwai mai sayar da ƙwaya, akwai mai gurɓatacciyar aƙida, duk sun shirya su saurare shi.

Wani zai ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Haka ne, kuma ban ce a miƙa wa yaro ragamar gida ba. Amma mu duba addinin da muke tinƙaho da shi. Lokacin da Allah Ya nuna wa Annabi Ibrahim a mafarki cewa zai yanka ɗansa, bai ɗaure yaron ya ja shi ba. Ya gaya masa, ya kuma nemi jin ra'ayinsa, alhali umarnin daga Allah yake. Sayyidina Umar yana shigar da Abdullahi ɗan Abbas majalisar dattawan Badar, har wasu suka yi ƙorafin cewa su ma suna da 'ya'ya sa'anninsa. Sai ya tambaye su ma'anar Suratun Nasri, yaron ne ya fahimci cewa tana nuni da kusantowar wafatin Manzon Allah. Usamatu ɗan Zaidu bai cika shekara 20 ba Annabi ya ɗora shi a kan rundunar da ke da manyan sahabbai. A ƙasarmu ma, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo yana ɗan kimanin shekara 20 ya fara wa'azi, wajen 1774. Hajiya Gambo Sawaba tana 'yar shekara 17 ta shiga jam'iyyar NEPU, ta tsaya wa matan talakawa, aka yi ta ɗaure ta ba ta fasa ba. Waɗanda muke yabo a yau, a zamaninsu an kira su yara marasa jin magana.

To me 'ya'yan namu ke cewa game da halin da ake ciki? Su ne ake aike kasuwa, sun san yadda kuɗin mudun shinkafa da na masara suka tashi tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023. Suna ganin mahaifinsu yana fita da sassafe don kada a tambaye shi kuɗin cefane. Sa'anninsu ne aka kwashe daga makarantar Ƙanƙara a Disambar 2020, fiye da 300, da 'yan mata 279 daga Jangebe a Fabrairun 2021, ban da na Cibok da Dapci da Kuriga. Yaron da ya girma yana jin an rufe makarantun kwana saboda 'yan bindiga yana da tambayoyi masu nauyi a kan gwamnati da adalci da darajar ran talaka. A watan Agustan 2024, da aka fita zanga-zangar tsadar rayuwa, yara ne suka cika titunan Kano da Kaduna da wasu garuruwa, wasu suka fasa shaguna da ofisoshi, aka rasa rayuka. Ranar 1 ga Nuwamban shekarar duniya ta ga yaran da aka kama, bayan kusan wata uku a tsare, a gaban Babbar Kotun Tarayya ta Abuja ana tuhumarsu da cin amanar ƙasa, wasu suna faɗuwa don galabaita, har sai da shugaban ƙasa ya ba da umarnin a sake su. Ɓarna ɓarna ce, ba na wanke mai yinta. Amma fushin nan ya daɗe yana taruwa a cikin gidajenmu, kuma ba mu ji shi ba sai da ya fito titi.

Haka abin yake a batun shaye-shaye. Sai da BBC ta fitar da bincikenta kan maganin tari mai kodin a 2018, gwamnati ta hana shi, sannan iyaye da yawa suka yarda cewa annobar ta shiga har ɗakunan 'yan mata da matan aure. Yaran unguwa sun san da ita shekaru kafin nan. Sun san wane lungu ake sayarwa, sun san wa ya fara, sun san wa ke ƙwacen waya da wa ke saye. Ba mu tambaye su ba.

Batun waya kuwa, mu tuna cewa layukan salula sun shigo Nijeriya a 2001, wato duk ɗan shekara 19 na yau ya buɗe ido ya tarar da ita. Abin da muke kallo a matsayin baƙo, shi ɗan gida ne a wurinsa. Tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawar shiga jami'a gaba ɗaya ta kwamfuta, amma har yanzu akwai ɗaliban da ranar jarrabawar ce ranar da suka fara taɓa madannai. Akwai yarinyar da ta koyi ɗinki da girki a YouTube, tana sayar da turaren wuta da atamfa ta WhatsApp tana biya wa kanta kuɗin makaranta. Akwai yaron da ya koyi gyaran waya a kasuwar Farm Centre ta Kano yana taimakon iyayensa. Akwai kuma wanda ya ƙarar da kuɗin tara a cacar ƙwallo, da wanda ya kwana yana danna fuskar waya a lokacin da aka yi yayin mainin a 2024 yana jiran arzikin dare ɗaya, da wadda ta sayar da mutuncinta a TikTok don a yawaita binta, da mai zagin malamin da ya haifi ubansa don bambancin fahimta. Mu iyaye mun kasu biyu, kuma duka biyun kuskure ne. Wani ya ƙwace wayar ya fasa, yaron ya koma aron ta aboki a ɓoye. Wani ya saya mai tsada ya miƙa, bai sake tambayar me ake yi da ita ba. Da za ka ce wa ɗanka ya nuna maka waɗanda yake bi da abin da ya sa yake son su, za ka sha mamakin yadda shi da kansa ya san illar abin, har yana neman wanda zai taimaka masa ya rage.

Muna kuma cewa ba sa karatu. Da yawansu, musamman 'yan mata, suna karanta labarai masu shafuka ɗaruruwa a waya, a zaurukan WhatsApp da Wattpad, suna biyan kuɗi don a tura musu ci gaba. A ciki akwai mai ma'ana, akwai kuma batsa tsirara da bai kamata ta shiga hannun kowa ba. Mun taɓa gwada wuta. A 2007 an ƙona littattafan hikaya a bainar jama'a a wata makarantar 'yan mata a Kano, ba a daɗe ba labaran suka koma inda ashana ba ta kaiwa. Maganin mugun littafi shi ne kyakkyawan littafi a kusa da hannu, da babban da zai tattauna shi da yaro. Abubakar Imam yana ɗan shekara 22 ya rubuta Ruwan Bagaja don gasar 1933, saboda an buɗe fili an ce matasa su gwada. Balaraba Ramat Yakubu, wadda aka cire daga makaranta aka yi wa aure tana ƙarama, ta rubuta Wa Zai Auri Jahila? ta faɗi abin da dubban 'yan mata suka kasa faɗa wa iyayensu. Gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016 ta nuna cewa alƙalamin 'ya'yanmu mata bai bushe ba. Tambayar da ta rage tamu ce. A gidan da ake kashe dukiya kan lefe da kayan ɗaki da anko, littattafai nawa ne a kan kanta? Yaushe rabon da yaro ya ga mahaifinsa riƙe da littafi?

Inda maganarsu ta fi ɗaci shi ne kan gobensu. Ka ce wa yaro ya dage da karatu, sai ya ce: "Baba, ga Yaya nan ya gama digiri, ya yi hidimar ƙasa, yau adaidaita sahu yake ja." Ya ga yajin aikin malaman jami'a na 2022 ya cinye wata takwas. Yana jin manya da bakinsu suna cewa aiki sai da hanya, ko sai an saya. Yana ganin wanda ya yi kuɗi ba a san sana'arsa ba shi ake ba sahun gaba da sarauta. In muka daka masa tsawa, mun tabbatar masa ba mu da amsa. Gara mu gaya masa gaskiya: takarda kaɗai ba ta ciyarwa a yau, jahilci kuma ya fi ta rashin ciyarwa, don haka a haɗa ilimi da sana'a tun yana sakandare, kamar yadda malamanmu na da suke karantarwa suna noma, suna ɗinki, suna fatauci. Mu daina tilasta wa kowane yaro zama likita alhali zuciyarsa tana kan noma ko zane ko injin mota. Mu tambayi yarinya ko tana son wanda aka zaɓa mata, domin shari'a ta ba ta wannan haƙƙin, mu kuma tambaye ta ko tana son ci gaba da karatu. Kada mu manta da almajirin da ya sauke Alƙur'ani yana wankin mota, da 'yar talla da ba ta taɓa shiga aji ba. Yaran da ba sa zuwa makaranta a Nijeriya sun haura miliyan 10, mafi yawansu a Arewa, kuma kowannensu yana da burin da babu wanda ya taɓa tambayarsa.

Don haka ina roƙon kowa ya ɗauki nasa kason. Uba ya ware lokaci ko sau ɗaya a mako ya ci abinci da 'ya'yansa matasa, ya yi tambaya, kada amsar farko da ba ta yi masa daɗi ba ta zama dalilin zagi. Wanda kunya ta hana shi, ya wakilta ƙaninsa ko ƙanwarsa, a farfaɗo da matsayin kawu da gwaggo. Uwa ta zama wadda 'yarta za ta fara gaya wa in wani ya tura mata saƙon banza. Malaman boko su dawo da ƙungiyoyin muhawara da na marubuta. Malaman Islamiyya da limamai su buɗe zaman tambaya da amsa na matasa, inda ba za a kira mai tambaya fitsararre ba. Masu unguwanni da dagatai su sa matasa a kwamitocin tsaro da tsafta, su ji ta bakinsu kafin a yanke shawara. Masu hali su buɗe ɗakin karatu a unguwa ko da shago ɗaya ne, sadaka ce mai gudana. Masu mulki kuma su sani cewa dokar da aka sa wa hannu a 2018, wadda ta rage shekarun takarar majalisar wakilai da ta jiha zuwa 25, ba za ta amfani yaron da ake tunawa da shi ranar kamfe kawai ba, a ba shi ƙwaya da gora.

Ku kuma 'ya'yana, samari da 'yan mata, kuna da haƙƙin a saurare ku, amma akwai abin da ke kanku. Ku faɗi ra'ayinku da ladabi, domin gaskiyar da aka faɗa da tsiwa ba ta shiga kunnen babba. Kada ku yaɗa labarin da ba ku tabbatar ba. Ku karanta fiye da abin da kuke rubutawa, ku koyi sana'a ko da kuna kan gaba a aji, ku guji duk wanda ya yi muku alkawarin kuɗi ba tare da gumi ba. Iyayenku sun ga abin da ba ku gani ba, kuma ko sun yi kuskure, ba ku da masoyin da ya kai su.

Ranar gobe za a tambayi kowane makiyayi game da abin da aka ba shi kiwo, kuma ba za a karɓi uzurin cewa bai san halin da suke ciki ba alhali suna kwana a gida ɗaya. Allah Ya shirya mana zuriya, Ya ba mu haƙurin sauraronsu da hikimar yi musu jagora, Ya ba su albarkar ilimi da sana'a, Ya zaunar da ƙasashenmu lafiya. Amin.