Gyara Ko Sabuwa?

Ga mai ɗaukar hoto da ke bin bukukuwa tsakanin Boɗinga da Shagari, kyamararsa ta zamani ta faɗi, gilashinta ya tsage. Shin ya kai ta Sakkwato gyara, ko ya sayi sabuwa?

Aya ta 67 ta Suratul Furƙani ta yabi masu tsayawa tsakanin almubazzaranci da ƙwauro. Jefar da abin da ke gyaruwa don son ƙawa almubazzaranci ne. Amma in ya san gyaran ba zai riƙe ba, kuma ya karɓi kuɗin masu ɗaurin aure, to tsiminsa ya zama cin amana, gama ranar ba ta dawowa. In kuwa zai sayar da tsohuwar, wajibi ne ya bayyana aibinta. Allah Shi ne Masani.