Kiɗan Abin Bautar Wasu

A shekarar 1998 wani masanin kiɗa ɗan ƙasar Faransa, Gérard Grisey, ya kammala wani aiki da ya tsara wa mawaƙiya ɗaya da makaɗa 15. Irin kiɗan nan ne na 'yan tsirarun makaɗa da ake saurare a zaure tsit, ba rawa ba liƙi. Wasu daga cikin kalmomin waƙar ya ɗebo su ne daga rubutun jikin akwatunan gawa na tsohuwar Masar, har da guraben da rubutun ya goge. Tun a 1983 ma ya yi wani kiɗan da sunan Nut, wadda Misirawan dauri suka ɗauka ita ce sama, tana haɗiye rana da almuru, ta haife ta da asuba.

Shin ya dace mutum ya ɗauki abin da wasu suka bauta wa, ya mai da shi abin daɗin kunne? Game da Masar dai amsar ba ta da wuya. Tun ƙarni na 6 aka rufe ɗakin bautar Isis da ke tsibirin Philae, ba kuma wani magaji da zai kai ƙara.

Amma da Halim El-Dabh ya ɗauki sautin taron zar a Alƙahira a 1944, ya sarrafa shi da na'ura, matan da ya naɗi muryoyinsu suna raye, kuma neman waraka ya tara su. Zar kuwa ɗan'uwan borinmu ne. A nan maganar ta iso ƙofar gidanmu, domin mai garaya bai mutu ba. A wurinsa taken Sarkin Rafi ko na Ɗan Galadima kira ne, kuma yana sa ran a amsa.

Mukan ji ɓangarori biyu a jami'o'inmu, har nan Mubi. Wasu su ce shirka ce, kada a taɓa. Wasu su ce al'ada ce, a kai ta dandamali a tafa. A ganinmu na biyun sun fi raina mai garaya, ko da yake su ke yabonsa. Mai kiran abin shirka aƙalla ya yarda makaɗin da gaske yake yi. Mai tafi kuwa ya riga ya sa shi a akwati ɗaya da Nut, alhali gobe yana da wasa a ƙauye.